Waƙar Hantsi ta Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale a unguwar Karantina ta Jidda ya san ba ya ɗaga waya bayan azahar. Ba barci yake ba. Ƙarar da ya sa wa wayar wani kiɗan Indiya ne, kuma amininsa Rafik, wani tela Ba'indiye a Bab Makka, ya gaya masa cewa a wajensu kowane salon waƙa da lokacinsa. Wannan na safe ne. Idan ta yi kuka da la'asar sai Kawu ya kife ta yana tsaki.

"Kawu, ka canja ƙarar mana," na ce masa.

"Ni zan canja? Mai kiran dai ya canja lokaci."

Yayan mahaifiyata ne. Da na zo Jidda aikin asibiti, shi ya tare ni, kuma tun ranar ya mai da ni injiniyansa don ya gan ni da kwamfuta. Rafik ya ba shi wata manhaja da masu koyon waƙar gargajiyar Indiya ke gwaji da ita. Tana sakin wani amo mai ƙugi, kai kuma ka rera a kansa, ita tana zana muryarka a allo. Inda ka dace layin ya yi kore, inda ka kauce ya yi ja.

Abin da Kawu yake so ya ɗauka shi ne waƙar da mahaifiyarsa, Inna, take yi in tana daka. Baitukan sun ɓace masa tun yana yaro, karin kawai ya rage, kuma duk dangi babu mai shi sai shi. Ya yanke hukunci cewa waƙar hantsi ce, don da hantsi Inna ke daka. Ni kuwa ba ni da hantsi sai ranar Juma'a.

Juma'ar farko ya sa na kashe na'urar sanyaya ɗaki, wadda a can ake ce wa mukayyif, wai kukanta bai dace da amon ba. Zafin Jidda kuwa kun san shi. Muna zufa ya fara rerawa, sai ya tsaya.

"Mukayyif ɗin maƙwabta ma ya sauka daga kan murya. Je ka gaya musu."

Ban je ba. Ya tafi da kansa, ya dawo da kofin shayi da labarin cewa ba su da kunne.

Da muka samu ya rera har ƙarshe, layin ya yi kore tas sai wuri guda, inda muryarsa ke lanƙwasawa ƙasa. Nan kullum ja. Ya maimaita har ya gaji, ja. Ya matso da fuskarsa kusa da allon yana yi wa manhajar faɗa.

"Ke kin san Inna ne? Kin taɓa riƙe taɓarya?"

Na nuna masa akwai maɓallin da ke gyara murya da kansa. Na danna, na kunna masa. Ya saurara ido a rufe har ta ƙare.

"Waƙa ta yi daɗi. Amma wannan uwar wani ce. Goge."

Haka muka yi ta gogewa. Yau tari ya shiga, gobe mai tallan gas ya wuce. Ana nan aka zo aka shafa wa bangon gidansu jan fenti, alamar rusau. Na fara tsorata, don tarin nasa ma ba raguwa yake ba. Na ce ya zo gidana a Mahjar mu ɗauka bayan magariba, shiru ya fi samuwa.

"Inna ba ta taɓa daka da magariba ba. Halas, magana ta ƙare."

Na ji haushinsa sosai ranar, na kuma gaya masa. Ya ce in na gama haushin in zo Juma'a da wuri.

Juma'ar ƙarshe na tarar an yanke wutar layinsu gaba ɗaya. Maƙwabta sun kwashe, kayansa a ɗaure bakin ƙofa, shi yana zaune kan wata katifa da ya naɗe, fuska cike da fara'a.

"Ka ji? Yau hukuma da kanta ta kashe mini mukayyif ɗin unguwa. Yalla, maza kunna kafin batir ya mutu."

Sau ɗaya ya rera. Bai yi tari ba. Da ya zo wurin nan layin ya yi ja kamar kullum, ya ɗaga wa allon yatsa, ya wuce abinsa.

Bai daɗe a sabon ɗakin da ya koma ba Allah ya karɓi abinsa. Gidan babu shi yanzu, ko layin da yake ba na iya ganewa. Waƙar kuwa na tura wa duk dangi, da sharaɗin da ya gindaya cewa kada a kunna ta sai da hantsi. Mahaifiyata ta kira ni daga gida, ta ce ta kai zuciya nesa har gari ya waye, rana ta ɗaga, sannan ta kunna. Ta ce da aka zo wurin lanƙwasar nan ne ta ga Inna tsaye bakin turmi.

Jan yana nan a kwamfutata, ban taɓa shi ba. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya haɗa shi da Inna, ta cika masa baitukan da ya manta.