Waƙar Rakiya ta Yey Saroeun

A unguwarmu ta Springvale, idan aka ga Yey Saroeun ta shiga wani gida da farin gyale a kafaɗa, ba sai an tambaya ba, wani ne yake gargara. Yey muke ce mata, wato kaka. Ita ce mai rera smot, waƙar koyarwar Buddha da ake yi wa mai barin duniya don hankalinsa ya kwanta. Tun tana yarinya a garin Battambang, can ƙasarmu ta asali, ta koya. Muna girmama ta, amma tsoronta muke ji, ko a kasuwa ba mai son ta tambaye shi jikin tsohuwarsa.

Sai jikarta Kunthea, wadda Yey ta yi rainonta tun tana goye, ta ɗauko bincike a jami'a a kan waƙar. Ta ce littattafai sun cika da faɗar masana, ba wanda ya tambayi masu rerawa. Tana so ta ɗauki muryar kakarta, malamai su ji daga bakin mai ita.

Tsohuwa ta ƙi, ta ce waƙar tana kiran rai. Kunthea ta yi dariya, ta ce ai malaman haikali ma sun ce camfi ne, waƙar ba ta kiran kowa.

"Na sani," in ji Yey. "Amma duk ɗakin da na rera ta, sai an samu mutum ɗaya da bai fito da ƙafarsa ba."

Lokacin miƙa aiki ya matso, yarinya duk ta rame. Tsohuwar ma ta daina cin kunun shinkafar da nake kai mata. Rannan da hantsi ta aika a kira ni. Na tarar ta kunna turare, tana tambayar inda ake danna na'urar ɗaukar murya. Da Kunthea ta nuna mata, sai ta ce mu fita mu tsaya can bakin titi.

"Yey, ai sai na zauna na ga yadda kike yi. Shi ne binciken," in ji Kunthea.

"Sarkin taurin kai, fita. In waƙar ta waiga, gara ta tarar da ni ni kaɗai."

Ta rufe ƙofa. Muna tsaye, motoci suna wucewa, muryar ta fara fitowa ta taga a hankali, tana karkarwa. Kunthea ta damƙe hannuna, ta kafa wa ƙofar ido, tana jiran a buɗe.