Ruwan da Muka Yi Wanka a Ciki

Kafin wata tsohuwa ta iso da tulunta, kumfar sabulu ta riga ta rufe ruwan.

Farkon shekarun 1990 ne, ina sabon ma'aikaci. Mu biyar muka taso daga Unguwar Dosa, muka hau wani dutse a ƙauye don shan iska. Zafin bazara ya ishe mu, muka ga ruwa kwance a kwarmin dutse, muka yi wanka. Direbanmu har da wanke safa.

Tsohuwar ta ajiye tulun, ta daɗe tana kallon ruwan.

Na ce, "Sannu Iya. Ai zuwa gobe zai washe."

Ta ce, "Ɗan nan, wannan ba rafi ba ne, ba ya tafiya ko'ina. Shi muke sha har damina. Ku yau kusa da famfo za ku kwana."

Ta ɗauki tulunta ba komai ciki, ta gangara.

Jiya a waya na ga hotunan wasu matasa a kan dutsen, ledoji ko'ina. Na fara rubuta musu faɗa, sai na goge. Ni ma ban taɓa komawa na ba ta haƙuri ba.

Ku masu zuwa yawo ƙauye, kun taɓa tambayar inda mutanen suke ɗiban ruwan sha?