Sorin Maigida da Dangar Iya

Bayan an gama yaƙin basasa maigidana ya bar soja, ya dawo Gumel ya kama tuƙin babbar mota zuwa Maigatari. Ya dawo da Turanci kalma uku, kuma a kaina suka ƙare. In miya ta yi gishiri, "rabish". In yara sun yi surutu, "nansins". In kuwa shi ya yi laifi, sai ya ce "sori" yana tafiya, ko waiwaye babu.

Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, yana ja da baya ya take dangar maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Iya, har ya fasa mata randa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Sori, Iya," ya ja motarsa.

Ita kuwa "sauri" ta ji.

Ta shigo gidanmu zaninta a jiƙe. "'Yar nan, mijinki ya rushe mini danga, wai sauri yake yi. Ni ce ba ni da abin yi?"

Na ce, "Iya, haƙuri ya ba ki, da Turanci."

"To ni Baturiya ce?"

Daga ranar ta daina amsa gaisuwata, ta hana jikokinta taya ni daka. Shi yana can kan hanya, ni ce a gida da fushin da ban jawo ba. Da na yi masa magana sai ya ce ai ya riga ya ba da haƙuri, duk soja haka ake yi. Na ce Iya ba ta taɓa shiga soja ba. Ya ce, "Nansins."

Da na gaji, na aika wa kawunsa a Gagarawa. Tsohon ya zo, bai ko sha ruwa ba ya tasa shi gaba zuwa gidan Iya, ina biye da su. Maigida ya cire hula ya durƙusa.

"Iya, na yi kuskure. Ki yafe mini."

Ta ce ta yafe, sannan ta tambaye shi ina yake saurin zuwa ran nan. Ya buɗe baki zai fara koya mata Turanci, kawu ya ce, "Tashi ka nemo kara."

Ya wuni yana ɗaurin danga, yana ƙunƙuni. A karkace ya ɗaure ta. Iskar farkon damina ta kwantar da ita, dole na kira ƙanena ya sake ta tun daga tushe.