Itatuwan Norfel a Saman Gidan Tobdan

A hunturun 1956 Tobdan ya fara haɗuwa da Norfel, kuma ƙafar Norfel ya fara gani kafin fuskarsa. Tobdan yana dawowa daga garin Kelang, sai ya ga gangaren da ke gabansa ya zaftare, dusar ƙanƙara ta binne wani mai ɗauke da jakar wasiƙu. Da hannu ya tona shi. Sanyi ya cinye wa Tobdan yatsu biyu, aka yanke su.

Norfel bai taɓa yi masa godiya da baki ba. Mutum ne gajere, mai ƙarancin magana, wanda tun daga ranar ba ya taka gangare sai ya caka sandarsa a ƙanƙara. In ta huda ɓawon sama ta faɗa cikin garin ƙanƙara mai kama da sukari, sai ya juya gida ko da wa ke jiransa. Yakan tsallaka kafin rana ta taɓa dutsen, kuma in da abokan tafiya, sai ɗaya bayan ɗaya. Mu da muka yi tafiya a bayansa mun sha faɗa daga wurinsa a kan haka.

Gidan Tobdan kuwa yana ƙarƙashin wani gangare tsirara. Kowa ya ce ya tashi, ya ƙi, don mahaifinsa ne ya gina shi. Norfel ya zo sau ɗaya, ya sha shayin man shanu da gishiri, ya daɗe yana kallon saman dutsen, ya tafi.

Da bazara sai ga shi da damin sandunan itacen bakin rafi, irin wanda ake cakawa ya yi saiwa, yana dasawa a gangaren da ke saman gidan.

"Kai, gajere, ƙasa ta ƙare ne a ƙauyenku?" in ji Tobdan.

"Ganyen awaki nake nema, Yaya. Taka ƙasar ta fi laima."

"Awakin da ba su kai biyar ba?"

"Ai za su haihu."

Haka ya yi ta zuwa kowace bazara, har kan su biyun ya yi fari. Tobdan ya saba da tsokanarsa, bai kuma taɓa lura ba cewa Norfel ba ya yankar ganye ko reshe ɗaya.

Wata safiya, bayan dusar ƙanƙara mai nauyi ta sauka a kan tsohon ɓawo, Tobdan yana ciki da jikokinsa ya ji dutsen ya yi gurnani. Da ƙarar ta lafa ya fito. Rabin itatuwan sun karye, ƙanƙarar ta rabu biyu ta wuce ta gefen gidan, ta tafi da rumbun ciyawa kawai. Ya tsaya yana duban hannunsa mai yatsu uku.

Da hanya ta buɗe, Norfel ya iso da sabon dami, yana haki.

"Norfel," in ji Tobdan.

"Awaki za su sha wuya bana," in ji Norfel. "Riƙe mini wannan, Yaya, in haƙa rami."