Burodi Ba Abinci Ba Ne

Maganar da ta kusa raba ni da 'ya'yana ba daga bakin maƙiyi ta fito ba, 'yata ce ta faɗe ta, kuma da zuciya ɗaya. Wata Lahadi ina tsakar gida ina wanke musu kayan makaranta, kakarsu ta wajen uwa ta bugo waya daga Funtuwa. Na miƙa wa babbar da jiƙaƙƙen hannu. Ina ji tsohuwa ta tambaye ta me suka ci jiya da dare.

"Ai mu ba ma cin abinci da dare, Hajiya," in ji yarinya. "Burodi muke ci."

Ni Bahaushe ne, na san abin da kunnen tsohuwa ya ji. A wajenmu in ba a tuƙa ba, ba a ci ba. Mutum zai tashi da burodi guda da ƙwai da shayi mai kauri, ka tambaye shi ya ce rabonsa da abinci tun jiya. Yarinya ba ƙarya ta yi ba, Hausa ta yi. Na karɓi wayar don in gyara zance, na tarar an riga an kashe.

Watanni kaɗan kafin nan matata ta rasu, ta bar mini mace 'yar shekara tara da ƙaninta da bai daɗe da shiga makaranta ba. Ranar sadakar arba'in dangi suka zauna suka yanke cewa namiji ba ya riƙon yara, a kai su Funtuwa wajen kakarsu. Ba wanda ya tambaye ni. Ni kuwa na san in aka kwashe yaran nan, ɗakin da zan riƙa komowa cikinsa kabari ne mai ƙofa. Na tura kawuna ya roƙa mini, don suruki ba ya tsayawa gaban surukarsa yana ja-in-ja. Amsar da ya dawo da ita gajera ce: "A bar su, mu ga kamun ludayinsa." A lokacin ko inda ake ajiye ludayin ban sani ba.

Abu ɗaya na iya dafawa. Marigayiya ma'aikaciyar jinya ce, ranakun da take da aikin yamma sai ta bar mini abin da ko makaho zai haɗa: niƙaƙƙen naman sa, albasa, koren tattasai, cukun kanti irin mai falle-falle a leda, da burodi mai tsawo. A soya, a tsaga burodi, a cusa, shi ke nan. Ina aiki a sito na wani kamfani a Kakuri, gidan hayarmu kuma a Makera yake, sai dab da magariba nake shigowa. Kafin a kira isha'i yara sun ƙoshi, sun yi aikin makaranta. Ranar Lahadi da dare nakan sayo tuwo wajen wata mai sayarwa a bakin layi. Sauran ranaku kuwa, burodin nan ne gatanmu.

Ranar Laraba na dawo na tarar da Madam tsaye a ƙofar gida. Maƙwabciyarmu ce, 'yar ƙabilar Ibo, mijinta makanike ne a Kakuri. Ita ke da firiza da janareto a gidan, a wajenta nake ajiye namanmu saboda ɗauke wuta.

"Oga, in-law ɗinka ta zo o," ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "Tun azahar. Ta kawo bakko biyu, babu komai ciki. I no like am."

Ni ma ban so ba. Ba a ɗauko jaka wayam tun daga Funtuwa don a zo yawon buɗe ido.

Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin ƙofa na gaida Hajiya. Tana zaune a tabarma, ta kawar da kai gefe kamar yadda ta saba, ta amsa a taƙaice. Jakunkunan suna ninke a ƙarƙashin gwiwarta. Ƙaramin yana kwance a cinyarta, tana shafa haƙarƙarinsa da yatsu, ina kallo tana ƙirga su. Yaron nan tun haihuwarsa siriri ne kamar uwarsa, amma wa zai faɗa mata haka a ranar?

Tunda na auri 'yarta, Hajiya ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba sai gaisuwa. Ta juya wajen jikarta.

"Ke, tambayi babanku, yau me za a ba mai gidana ya ci?" Haka take kiran ƙaramin, wasan kaka da jika. Amma ranar babu wasa a muryarta.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Tuwo."

Yarinya ta ɗago ta dube ni, nan take idona ya raina fata.

Akwai sauran garin masara da marigayiya ta bari a bokiti. Na ɗora ruwa a gas, ya tafasa, na kamfato gari na antaya a ciki gaba ɗaya. Ashe ana fara yin talge, sai ya nuna a zuba gari kaɗan-kaɗan. Na sha ganin ana yi, amma gani daban, yi daban. Na kama muciya ina fama, gumi na shiga idona, tukunya na zamewa. Gudaji suka taso kamar tsakuwa a garin ƙosai. Na ƙara ruwa ya zama kunu, na ƙara gari ya zama dutse. Can ƙasa ya kama, ƙauri ya cika tsakar gida har Madam ta leƙo ta taga ta koma. Ba a fafe gora ranar tafiya, na sani, amma tsoro ba ya barin mutum ya tuna karin magana sai bayan ya yi ɓarna.

Aka kira magariba, na yi salla a gurguje. Ina sallamewa na ji ƙaramin ya fara kukan yunwa, irin siririn kukan nan da ba ya tsayawa. Kowane sautinsa shaida ce a kaina. Babbar ta zo ta tsaya kusa da ni, ta raɗa mini, "Baba, ka yi mana namu kawai."

Na sauke tukunyar na tura ta bayan ƙofa. Haushi ya kama ni, haushin kaina da na dangi da na duk wanda ya fara cewa burodi ba abinci ba ne. Na ce a raina in za a kwashe su, a kwashe su da cikinsu cike.

Na je wajen Madam na karɓo robar namanmu. Da na dawo, Hajiya ta jawo tabarmarta zuwa bakin ƙofa, inda take ganin komai. Ta ga inda robar ta fito.

"Ke, tambayi babanku, wane irin nama ne wannan, ba tsoka ba ƙashi? Wa ya yanka? A ɗakin wa ya kwana?"

Na dubi yarinya ni ma, don da ita ake magana. "Gaya wa Hajiya naman sa ne. Mahaucin da muke salla masallaci ɗaya ne ya yanka, a gabana ya niƙa a injinsa. Robar tamu ce, da murfinta, Madam ta ware mana gefe guda a firiza."

Yarinya ta maimaita, duk da kowa ya ji.

Na ɗora kasko, na zuba mai kaɗan. Na yanka albasa sirara. Albasa ta yi laushi na zuba tattasai, na ture su gefe, na juye naman a tsakiya. Marigayiya takan ce kada a dame shi da juyi, a bar shi ya yi ja a ƙasa tukuna, in ba haka ba ruwa zai fitar ya zama dafaffe. Na bar shi. Tsayuwar nan ta jiran nama ya soyu, da idon suruka a bayana da kukan yaro a kunnena, ban taɓa yin mai tsawonta ba. Da ya yi ja na farfasa shi da cokali, na sa gishiri da dunƙule, na haɗe da albasar.

Sai na miƙa hannu na ɗauko kwalbar yaji. Saura kaɗan a gindinta, don haka da bakin cokali nake ɗiba, kamar magani. Na barbaɗa. Ƙamshin citta da kanumfari ya tashi ya danne ƙaurin tuwo.

"Ke, miƙo mini kwalbar can."

Yarinya ta kai mata. Hajiya ta buɗe, ta sansana, ta daɗe tana kallon ɗan abin da ya rage. Sai a lokacin na tuna. Yajin nata ne. Ita ta daka shi da hannunta ta aiko wa 'yarta da sallar da ta wuce, kamar yadda take yi kowace shekara. Matata ce 'yarta ta fari. Saboda kunyar 'yar fari, ban taɓa jin ta ambaci sunanta ba, ranar jana'iza ma ba wanda ya ga hawayenta. Ta rufe kwalbar ta ajiye kusa da ƙafarta, ba ta mayar ba.

Na shimfiɗa cuku a kan naman, na rufe kasko har ya narke ya bi tsakanin naman. Na tsaga burodi, na ɗan gasa cikinsa, na cusa. Ƙaramin ya bar kuka tun kafin a miƙa masa. Suka zauna suna ci, cuku na zarara a haɓarsa, yana lasar yatsu. Ya cinye nasa ya sa ido a na yayarsa.

Na haɗa na Hajiya, na rufe da faranti, na ba yarinya ta ajiye a gabanta. Na san ba za ta ci a gabana ba ko da yunwa za ta kashe ta, don haka na tafi masallaci, na kuma yi jinkiri da gangan. Da na dawo sun shige ɗaki. Farantin yana kife a kwando, a wanke. Ita ta ci? Ƙaramin ta ba? Almajiran layi? Ba ni da hanyar sani, kuma ba tambayar da suruki zai yi ba ce.

Da safe na durƙusa na gaishe ta, na jira ko za ta ce wani abu. Ta ce wa yarinya, "Yau ku zauna gida, ba makaranta." Jakunkunan suna nan inda suke. Haka na bar su na fita aiki.

Ranar ban tsinana komai ba. Duk motar da ta wuce sai in ga kamar yarana ne a ciki an nufi Funtuwa da su. Na ɗauko waya in kira Madam, na fasa, don ina tsoron amsar. Na yi ta raya yadda zan buɗe ƙofa in tarar da ƙusar da ake rataye jakunkunan makaranta babu komai. Aka tashi, na kasa sauri kuma na kasa tafiya a hankali.

Tun daga bakin layi na jiyo sautin taɓarya. Ina shiga gida atishawa ta kama ni. Tsakar gida ta turnuƙe da barkono, Madam ta ɗaure hanci da ɗankwali tana dariya tana tari. Turminta ne aka ara. Hajiya na tsaye a kansa, ta ci ɗamara, tana daka, babbar na tankaɗe a gefe, ƙaramin na atishawa yana tsalle. Ashe kasuwa suka tafi da safe, shi ya sa aka hana su makaranta. Kwalbar nan ta cika har baki, ga wata roba ma ana cikawa.

Na durƙusa. Ta jingine taɓarya, ta goge fuska da bakin mayafi. Idanunta sun yi ja, amma mai dakan barkono ba a tambayarsa dalilin hawaye. Ba ta nemi yarinya ba. Kanta a kawar, amma da ni take magana, karo na farko.

"Na sha yi wa uwar yaran nan faɗa a kan burodin nan," ta ce. "Ta ce mini wata rana sai na ci. Ban ci nata ba."

Na kasa ɗago kai. Ni ma na laɓe bayan barkonon.

"Yajin zai kai ku salla. In ya ƙare ka aiko. Kuma ka daina yi masa rowa, ita cika cokali take yi."

Washegari na raka ta tasha da yaran. Jakunkunan suna ninke a hammatarta yadda suka zo. Ta shiga mota ta zauna, sannan ta yafito jikarta ta taga, ta kama kunnenta ta ɗan ja.

"Ke kuma, mai bakin tsiya. Daga yau duk wanda ya tambaye ki, ki ce kun ci abinci."