Wayar da ta ƙona min tafi

Jiya Malam Iliya, mai mana aikin lantarki, ya kama hannuna ya ɗora kan wayar sabuwar na'urar sanyaya zauren bikinmu a Funtua. Na fizge da sauri. Zafi kamar masar da aka kwaso daga tanda!

Na'urar ta kusa girman akori-kura, kuma tun da aka kafa ta bureka, wato makunnin nan mai yanke wuta da kansa, ke faɗuwa. Ga biki ranar Asabar. Na ce, "Malam, a cire burekar nan a haɗa kai tsaye mana, kamar yadda muke yi a gida in fis ya ƙone."

Ya ce, "Alhaji, da ba ta faɗuwa, da yanzu toka muke shara."

Ya ja ni gefen injin, ya nuna min wani ɗan faranti mai rubutu. Lamba ɗaya tana faɗin ƙarfin da dole waya ta iya ɗauka, ɗayar kuma iyakar girman burekar da za a sa. Ya ce injin na fizgar wuta lokacin tashi, kamar tirelar masara a kan hawa, su kuwa masu kafawa siririyar waya suka sa masa.

Aka canza wayar da burekar duka biyun. Yau na riƙe wayar, sanyi ƙalau.

Ikon Allah! Abin da nake ta zagi ashe shi ke gadin ran mutane. Waye cikinku ya taɓa duba farantin nan?