Ranar da Firintar Hedimasta Ta Daina Karɓar Aikina

Shekara biyu na yi ina buga takardu a wata makarantar coci a Sabon Gari. Kwamfutata tana ɗakin malamai, firinta kuma tana ofishin hedimasta. Wata Litinin, ana saura kwana uku jarrabawa, aka canza mini kwamfuta. Daga nan firinta ta daina karɓar aikina, alhali ina tura wa kwamfutocin malamai da ke gefena takarda lafiya lau.

Hedimasta ya ce firintar ce ta mutu. Na roƙe shi ya bari in kira kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda aikinsa ke nan a Samaru, haɗa kwamfutoci. Ya iso bayan azahar da jakarsa a kafaɗa. Mutum ne marar yawan magana. Ko kallon firintar bai yi ba, ya nufi wani akwati mai ƙananan fitilu a saman kabad, inda wayoyin kwamfutocin makarantar suka haɗu. Suwic ake ce masa.

Ya ce an raba makarantar rukuni biyu, ɗakin malamai daban, ofis daban. Duk saƙon da ya shiga akwatin, adireshin da ke kansa yake fara dubawa. In na wata kwamfuta ne a rukunin da saƙon ya fito, sai ya miƙa mata kai tsaye. In kuwa adireshin na shi akwatin ne, ya san ana so ya ƙetara da saƙon, sai ya duba adireshi na biyu da ke ciki ya kai shi ɗaya rukunin.

Na ce, "Kawu, ke nan kuna ganin akwatin ne ya lalace?"

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Sabuwar kwamfutarki ce ba a ba ta adireshinsa ba. Ba ta san wa za ta danƙa wa saƙon ofis ba. Zauna ki rubuta."

Ya karanto lambobi, na shigar da hannuna. Na tura tambayoyin lissafi na aji uku, muka jiyo firinta ta kama aiki ta bayan bango.

Hedimasta ya fito ya yi godiya, ya sa aka kawo lemo. Kawu ya sha rabi a tsaye, ya tambayi lafiyar ƙafar mahaifiyata da ke ciwo, ya ce in gaya mata zai shigo gidanmu a Basawa ranar Lahadi bayan sujada a coci. Bai samu zuwa ba sai Lahadin gaba. Ni kuma a ranar gyaran na ci gaba da buga takardu har aka tashi.